Silifa Ɗaya

Ranar Alhamis da wuri nake rufe rumfa.
In wanke ƙarnin kifi a bakin famfo,
in hau matakalar Yeongdo, gwiwa na ƙara,
don in riski wasan ƙarfe tara.

Matan kasuwar Jagalchi duk kyaftin suke so,
mai dogon wuya, mai tsawa,
mai kutsawa cikin harshen wuta
ya fito da yaro a kafaɗa, ganguna na tashi.
Ni kuwa Tak Du-ho nake jira,
wanda ke naɗe mesa bayan kowa ya watse,
sunansa can ƙasan jeri, inda ido ya riga ya gaji.

A kashi na sha ɗaya wuta ta ci bene.
Aka kashe ta. Kyamara ta bi kyaftin.
Amma a gefen allo, in ka lura,
wata tsohuwa na zaune a kan dakali,
bargon agaji a wuya, ƙafa ɗaya tsirara.
Du-ho ya dube ta. Ko sannu bai ce ba.
Ya koma cikin caɓin toka,
ya daɗe,
ya fito da silifa shuɗi, gefensa ya narke.
Ya goge shi a cinyar wandonsa,
ya durƙusa, ya ajiye mata,
bakinsa na kallon hanya,
yadda ake yi wa baƙon da ke da gidan komawa.
Sai ya zauna, ya ɗan ba ta baya,
yana kwance igiyar da ba ta ƙulle ba
har ta gama kukanta.

Daƙiƙa arba'in. Na ƙirga da aka maimaita.
Ko kiɗa ba su sa masa ba.

Jikata Ye-rin ta ce, "Kaka, ƙarya ce fa.
Tokar gari ce, hayaƙin na inji,
biyansa aka yi ya durƙusa."
Na ce na sani.
To wanda ya rubuta, a ina ya koya?
Sai wanda ya taɓa tsayuwa a titi cikin hunturu
ya san ba gidan ke fara ciwo ba,
tafin ƙafa ne.

Bana shekara talatin da ɗaya.
Layinmu ya kama a makon da ake gishirta kabeji.
Mijina ya koma ɗauko akwatin takardu.
An faɗa mini magana da yawa a daren,
ko ɗaya ba ta zauna ba.
Abin da ya zauna:
wani mai hular kwano, fuska baƙi ƙirin,
ya zo ya tsaya tsakanina
da abin da aka fito da shi a lulluɓe,
yana tambayata sunan karenmu,
da shekarunsa, da ko yana cin kan kifi.
Na yi ta ba shi amsa kamar wawiya
har motar ta sha kwana.

Ban tambayi sunansa ba.
Da na gan shi gobe a layin sayen ɗorina,
ciniki zan yi da shi, in tsuke masa fuska.

An fara tallan man wanki.
Ye-rin ta yi barci, waya a ƙirji.
Jiragen kamun kifi ƙarfe huɗu suke shigowa.
Na kashe fitila, na laluba bakin ƙofa,
takalmanta a warwatse kamar kullum,
na haɗa su,
na juya su.