Kuɗin Mai Baki Biyu

Ranar arba'in ɗin Baffa
aka baje gado bisa tabarma:
awaki tara, keke, gonar bakin rafi,
sai wata doguwa naɗe cikin buhun gero.
Mai rabo ya ce, "Akuya na san kuɗinta,
wannan kam ku nemo wanda ya san ta."

Na saɓa ta har kasuwar Alkaleri,
can baya inda zugazugi ke nishi.
Manga maƙeri na bisa kututture,
yana ta cinye masa ido ɗaya.
Bai tambaye ni ɗan wane ne ba,
hannu kawai ya miƙo ya karɓe ta.

Ya karya ta a gwiwa, ta buɗe baki biyu,
ya ɗaga, ya leƙi rana ta cikinta.
"Na dama ya sha aiki, ya yi faɗi,
na hagu kamar jiya aka fafe shi.
Ba ramin tsatsa." Ya shinshina.
"Man kaɗe. Mai ita ya ƙi man keke,
har ya mutu bai bar ƙishi ya kama ta."

Da tofin yawu da babban yatsa
ya murje dattin shekaru a ƙarƙashi,
sai ga kambi ɗan mitsitsi, ga haruffa.
"Ƙirar Ingila. Duba lambar nan,
wuri uku take, kuma bakinsu ɗaya.
In sun saɓa, haɗe-haɗe ce,
kan wata, wuyan wata, ƙafar wata.
Wannan yadda aka haife ta take."
Ya taɓa kunama, ta ce ƙas,
ya yi murmushi kamar ya gane muryarta.

Da ya iso gindi sai ya yi shiru.
Ya shafa itacen, ya sake shafawa.
"A nan kuɗinku ya zube, yaro.
Wannan kirya ce, ba itacen da ta zo da shi ba.
Dillali zai gani tun daga ƙofa,
ya yanke rabi, ya ce alfarma ya yi mata."

Na zazzage masa gwangwanin harsashi,
bakwai, masu rigar takarda ja,
damina hamsin ta kumbura cikinsu.
"Kada wanda ya kuskura ya ɗura su.
Albarushi in ya tsufa ba shi da alƙawari.
Masu tara irinsu, kwalin suke nema,
wanda uwarka ta hura wuta da shi, na tabbata."

Ɗaya ya ware, ya juya gindin tagulla.
Akwai ɗan lotso a tsakiya,
an sare shi, bai tashi ba.
"Ka san wannan?" Na ce a'a.
"Tun ba a ja wa dajin nan iyaka ba,
ɓauna ta fito mana daga cikin gamba.
Ya ɗana, ya ja, shiru.
Sai ya juya bindiga ya tare ƙaho da gindi,
ni ina ƙasa, ƙafata cikin saiwa.
Itacen Bature ya tashi gida uku.
Kwana goma sha ɗaya na yi ina sassaƙa wannan,
ladan wuyana da ya fanso da ita."

Ya faɗi kuɗi: sa ɗaya, matsakaici.
Ya ce in rubuta, in kai wa mai rabo,
in kuma bi ta wurin 'yan sanda,
don lasisin mamaci ba ya bin jini,
kada a zo a ƙwace ta.

Na ce, "Harsashin fa, nawa zan sa?"
Ya jefa shi aljihun 'yar shararsa.
"Rubuta shida," in ji shi,
ya koma ga garmar da yake ta.