Mai Fentin Kibiya

Kafin ƙararrawar cocin ƙauye ta buga bakwai
Sabela ta riga ta sauka gangare,
gwangwanin fenti a hagu, buroshi a dama,
yayyafi na taruwa a girarta.

A nan Galisiya ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ne maigida.
Yana lashe kibiyoyin hanya ɗaya bayan ɗaya
kamar saniyar da ta sami kanwa,
ita kuwa tana bin sawunsa tana mayarwa:
ruwan ɗorawa a jikin katanga,
ruwan ɗorawa a kututturen bishiya,
da kan dutsen da gansakuka ta yi wa hula.

Xurxo ne ya fara. Shekara talatin da ɗaya yana yi.
Ranar da ƙasa ta rufe masa ido
ya bar mata shanu huɗu, bashin injin tatsa,
da wannan buroshi
da ƙotarsa ta lotsa daidai yatsunsa.

Masu ziyara na wucewa, sanda na ƙwanƙwasa dutse,
ɓawon katantanwar teku na reto a jakunkuna.
Wani na ɗingishi, takalmi rataye a wuya.
Wata na ɗauke da hoton ɗanta,
tana nuna masa kowace gada.
Wasu Allah suke nema, wasu hatimi a takarda,
wasu ba su san abin da ya fito da su ba
sai ƙafa ta yi bororo.
An ce matambayi ba ya ɓata,
to wa za ka tambaya a kurmin da ba kowa sai tsuntsu?

Santiago kwana huɗu ce a ƙafa.
Sabela ba ta taɓa takawa ba.
In an tambaye ta sai ta ce, wa zai tatsi shanu?

A mararrabar tsohon injin niƙa
akwai kibiya guda da ta karkace.
Bara wani saurayi, Brais, ya zo daga ofis da taswira,
ya ce, Iya, wannan kuskure ce, a miƙe ta.
Ta dube shi, ta tsoma buroshi,
ta bi karkatar kamar yadda ta same ta.

Duk wanda ya yarda da kibiyar nan
zai ratse taki arba'in,
ya iske marmaro ƙarƙashin dutse,
ruwa mai sanyin da ke sa haƙori tsami.
Can Xurxo ya fara yi mata magana,
yana ta in'ina, tulunta ya cika har ya tumbatsa.

Suna sha, su wanke fuska, su koma hanya,
ba su san a gidan wa suka sauka ba.

Da yamma tana goge hannu da kananzir.
Fentin ba ya fita duka.
Gobe ma za a yi ruwa.