Kunun da Ya Kwana

Sallau na ƙaramar hukuma
ya shigo rumfata a Ƙofar Ƙaura
da takarda biyu a hammata.
Farar ta masu tukunya ce,
jar kuwa ta masu kwalba,
can inda ba a gaisawa da suna.

Ni Tasalla tuwo nake tuƙawa,
miyar kuka, dambu ran Laraba.
Ya buɗe firji, ya ƙirga jarkoki,
ya shinshina zoɓo, ya wuce,
sai hancinsa ya tsaya kan kunun jiya.
An ɗauke wuta tun la'asar,
gero ya yi fushi, ya taso da kumfa.

"Wannan fa, Hajiya, a wace takarda?"

Na ce, Sallau, je ka tambayi Nepa.
Jiya da hantsi ɗan halak ne,
zafin Katsina ya ɓata masa tarbiyya.

Na tuttule jarkar a kwata,
awakin maƙwabta suka yi caa.
Ya sa hannu a farar,
ya ci malmala biyu, bai tambayi kuɗi ba.

Da yamma ga akuyar Malam Ilu
tana tafe tana haɗa hanya,
ko lasisi ɗaya ba ta da shi.