Rata

A Kasuwar Barci, bayan layin masu gyaran agogo,
Haladu ya shimfiɗa buhu a ƙasa
ya zube tsofaffin gidajen reza guda bakwai.
Wani ya yi kore a wuya, wani ruwan azurfarsa ya koɗe,
wani har yanzu da busasshen sabulun wani bawan Allah
maƙale a haƙoransa.

"Da tsohuwar zuma ake magani," in ji shi.
"Ɗauki wannan ka ji nauyi."
Na ji nauyi, ban tanka ba.
Na zaro abin da na zo da shi a aljihun gaba:
siraran ƙarafa goma sha uku a kan ƙusa ɗaya,
suna buɗewa kamar mafici,
kowanne da lambarsa, wasu sun fara gogewa.
Na Baba ne. Shekara ashirin da shida
yana zura su a bakin injin masaƙa a Kakuri
kafin a sa wa ƙofar kwaɗo.

Na ɗora sabuwar reza, na murɗa ƙota har ta tsaya,
na ɗaga ta saitin rana.
Tsakanin kaifi da ƙarfen da ke tsare fata
akwai ɗan layin haske, bai kai kaurin farce ba.
Shi na zo saya.
In ya yi faɗi, jini.
In ya matse, ka yi ta kai da kawowa a kunci
gashi na maka dariya.

Na farko, dama ta karɓi lamba shida,
hagu ta haɗiye tara har da sauran wuri.
Wannan ya taɓa faɗuwa a kan siminti,
mai shi bai faɗa wa kowa ba.
Na biyu kansa na rawa kamar haƙorin tsoho.
Na uku tsatsa ta cinye masa ciki.

"Ido ba mudu ba," Haladu ya ce, "amma ya san kima.
Kai sai ka ce zinare kake awo."
Yaron mai shayi ya leƙo, mai faci ma ya taso,
an kewaye ni ana kallon mahaukacin aski.

Na biyar ba shi da kyan gani,
ƙotarsa duk tabo.
Na zura shida a dama, ta shige tana ɗan ja,
kamar zare a kafar allura.
Na zura a hagu, haka.
Tsakiya, haka. Bakwai ta ƙi shiga ko'ina.
Ban yi ciniki ba. Haladu har ya ji haushin kansa
da bai ƙara kuɗi ba.

A gida na tafasa shi, na goge da tsohon buroshi.
Baba na kan kujerar roba a bakin ƙofa,
ɓarin damansa ya yi shiru tun damina.
Bai son wanzami, bai son ƙarar kilifa,
gemun ya fito fari, ba tsari, kamar ba nasa ba.

Na nuna masa. Ya miƙo hannun da ya rage,
ba rezar yake so ba, ƙarafansa.
Da babban yatsa ya ware shida, bai duba lamba ba.
Na riƙe masa, ya zura, ya tsaya, ya ja a hankali,
idonsa a rufe, kamar mai sauraron inji.
Sannan ya ɗaga haɓa.

Kumfa, ruwan ɗumi, kunci, ƙasan kunne.
Aka zo gaban maƙogwaro
hannuna ya yi abin da ƙarfe bai yi ba.
Ɗigo ɗaya, ja, a cikin farin kumfa.

Ya kalli rezar, ya kalle ni.
Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.
Wannan ratar, Baba,
ba ka bar min abin auna ta ba.