Tuntuɓe a Gaban Allo

Ƙarfe goma saura kwata, a ɗakin Yaya Nafi'u da ke Agege,
na jingina waya da gwangwanin madara,
na kwance igiyar shanya daga bayana
kada Ikoyi ta ga singiletin kowa.
Kwat ɗin aro a sama,
gajeren wando a inda ido ba ya kaiwa.

Suka fito su biyu, kowa cikin akwatinsa:
Madam Morenike, da wani mai tabarau
wanda ba ya ƙiftawa.
Na gaishe su, na zuba kamar ruwan Yuni,
shekara huɗu a jami'a, bautar ƙasa a Ogoja,
har sai da ta ɗaga yatsa tana nuna kunnenta.
Ashe makirufo a kulle yake.
Minti biyu cur ina tauna iska.

Na buɗe, na sake ɗaukowa daga tushe,
sai bakina ya ci amanata.
Na ce tun ina ɗalibi nake mafarkin aiki da ku,
na kira sunan kamfanin
da ya sallame ni ranar Talata.

Shiru.
Jirgin ƙasa ya yi kuka can wajen tasha,
mai burodi ta wuce da kiranta a ƙasan taga,
fuskata kuma, ƴar mitsitsiya a kusurwar allo,
tana dubana kamar ba mu taɓa haɗuwa ba.
Magana zarar bunu ce.
Na zara, ga shi a hannuna, kowa ya gani.

Yatsana ya tafi kan jan maɓalli.
Me ya fi wannan sauƙi?
A ce sabis ne ya ɗauke, a ce Nepa ce.
A Legas wa zai musa?

Sai na tuna Baba a shagonsa na ɗinki,
ranar da almakashi ya zarce a shaddar mutane.
Bai cusa ta ƙarƙashin keke ba.
Ya aika aka kira mai ita,
ya shimfiɗa ɓarnar a kan tebur,
ya ce ga inda na yi kuskure,
ga kuma inda zan bi da zare.

Na janye yatsa. Na kurɓi ruwa.
Na ce, ku yi haƙuri, sunan nan ba naku ba ne.
Hira ta bakwai ke nan cikin wata biyu,
harshena ya riga hankalina fita.
Amma ku na kwana ina karantawa:
motocinku na sanyi da ke ɗaukar kifi daga Apapa,
da awannin da suke ƙonewa a cunkoso,
ƙanƙara na narkewa, riba na bin ta.
In kun ba ni dama, a nan nake so in fara lissafi.

Mai tabarau ya ƙifta.
Wallahi ya ƙifta, har da guntun murmushi,
ya ce to, lissafa mana mu ji.
Muryata ta ɗan yi rawa a farkon lamba,
daga baya ta sami ƙasa ta taka.

Da allo ya mutu, rigar ciki ta jiƙe sharkaf.
Yaya Nafi'u ya leƙo, hannunsa duk baƙin mai,
ya ce yaya, Mudassir?
Na ce na yi tuntuɓe har sau biyu.
Ya ce ka faɗi?
Na ce ban sani ba tukuna, sun ce sai Litinin.

Na mayar da igiyar shanya wurinta,
na ninke kwat zan kai wa mai shi a Mushin.
Kafin in fita na yagi takarda,
na rubuta sunan kamfanin jibi da manyan baƙaƙe,
na manna a bango, daidai saman gwangwanin madara.