Layi na Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan wayar Damagaram
ina jefa wasiƙu a bakin akwatuna
kamar mai ba 'yan tsaki tsaba.
Yau ga ni a Birni, ƙafa ta kumbura,
jikata Fassuma ta shigo da wani ɗan akwati baƙi,
bai kai sabulun wanki ba,
wai tashoshi dubu biyu ke ciki.

Na girgiza shi kusa da kunne.
Ko ƙwai ya fi shi nauyi.

Ta yi dariya har kallabi ya zame.
"Kaka, babu ko ɗaya a ciki.
Jeri ne kurum, layi bisa layi:
ga suna, ga ɗan tambari,
a ƙarƙashi kuma adireshi.
Ka latsa suna, akwati ya ruga can,
ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce a sam masa hoto.
Ba su ba shi duka,
sai guntu-guntu,
yana shan wannan yana roƙon na gaba."

Na ce, ashe ga-ruwa ne.
Tulu dai ba rijiya ba ne.
In ya makara a hanya
sai zoben nan ya hau juyi a tsakiyar allo,
mu kuwa 'yan garin nan
wa zai koya mana jiran pampo
mai tarin iska da tsakar dare?

To wa ya gaya masa ƙarfe biyar za a yi kokowa?

"Wannan takarda ce daban," in ji ta.
"Wani ke rubuta ta a wani gari:
farawa, ƙarewa, sunan shiri,
na yau, na gobe, na jibi.
Kowace tasha da lambarta a jeri,
lambar kuma tana cikin jadawali.
In sun dace, makulli ya sami kwaɗonsa."

In ba su dace ba, ran Laraba muka gani.
Allo ya rubuta Darasin Girki,
ga ƙarti biyu sun sha layu
suna turnuƙu cikin rairayi.
Malam Brah maƙwabcina ya gyara hula ya ce,
"Wannan tuwo da ƙarfi ake tuƙa shi."

Ran Juma'a agogonsu ya bi na wata ƙasa,
awa guda cur tsakaninmu.
Muka shimfiɗa tabarma, shayi ya nuna,
muka tarar an riga an ka da gwaninmu,
makaɗa har sun rataya ganguna.
Fassuma ta shiga ciki ta ƙara ɗaya,
lokaci ya dawo gida.

Amma akwai layin da ya gagare ta,
na ɗari huɗu da sha biyu.
Suna na nan, tambari na nan,
jadawali ma bai fasa alkawari ba:
takwas labarai, tara wasan kwaikwayo.
Ka latsa, zobe ya juya, ya juya,
sai baƙi.
"Sun tashi," ta ce. "Bari in goge."

Na riƙe hannunta.

Akwai wani akwati a gidan waya,
na Mutari tela, da ya bi mota ya yi arewa.
Shekara tara wasiƙu na zuwa da sunansa
daga Gure, hannu ɗaya, shuɗin biro.
Doka ta ce in mayar.
Ban mayar ba.
Ina turawa har bakin akwatin ya ƙi karɓa,
na koma ɗaure su da zare a aljihun teburina.

Bar shi, Fassuma.
Layi ɗaya ba ya cin hatsi.

Kafin ta amsa aka ɗauke wuta.
Muka zauna shiru,
duwatsun Birni na amayar da zafin rana,
ni kuwa ina lissafi a zuci:
tara ta yi yanzu,
can an fara wasan kwaikwayo.