Tara ga Maris

Leland na gyangyaɗi a kujera, ƙafafu bisa matashi biyu,
sun kumbura har safa ta bar musu shaida.
Ni ina kicin da waya, da fensir,
da bayan ambulan ɗin kuɗin lantarki
inda na jera sunaye goma sha huɗu.

Katin yana jingine da kwalbar gishiri.
Ja, fari, shuɗi. Medicare.
Shekara talatin da huɗu yana narka ƙarfe a Youngstown,
duk Juma'a a gutsuri wani abu a albashinsa,
a ce ajiya ce, don ranar da jiki zai ƙi.
To, rana ta zo.
Ga kati. Ina mai karɓa?

Dokta Pruitt ya san zuciyar nan kamar yunwar cikinsa,
amma ya rufe ofis a Nuwamba,
ya bi jikokinsa Arizona, inda sanyi ba ya cizo.
Ban ga laifinsa ba. Shi ma ƙashinsa ya gaji.

Na farko: kiɗa, minti ashirin da biyu,
sai wata murya kamar ta lashi zuma:
"Muna karɓar katin, sai dai ba ma ɗaukar sabbi."
Sabbi!
Mai shekara saba'in da takwas, yau shi ne sabo.

Na biyu ya koma Columbus.
Na uku yana karɓa, amma ba irin namu ba,
ashe katin ma iri-iri ne, kamar wake.
Na biyar, wani yaro ya ɗauka, ya ce nan shagon taya ne.
Na bakwai ya rasu tun bara waccan,
sunansa ne bai ji labari ba,
yana nan zaune a jerin, yana jiran marasa lafiya.

Fensir ya dakushe. Na fiƙe shi da wuƙar albasa.

Daga falo ya ce, "Verna, rabu da su.
In abin ya matsa, mu je sashen gaggawa."
Ai mun je a Disamba. Awa tara bisa benci,
likita uku, babu wanda ya kira sunansa sau biyu.
Ni ba gado nake nema ba.
Mutum ɗaya nake nema a duk ginin nan,
wanda in an kwantar da Leland da tsakar dare
zai buɗe fayil ya ce, na san wannan.

An ce mai nema yana tare da samu.
Wanda ya faɗa bai taɓa danna ɗaya
don ya sake jin saƙo daga farko ba.

Ran Talata na fita karɓo ƙwayoyin rage kumburi,
dusar ƙanƙara har idon sawu.
Odessa, mai miƙo magani ta taga,
ta ga ambulan ɗina da sunayen da na soke.
Ba ta ce sannu ba. Ta juya rasit ta rubuta:
hawa na huɗu, Dokta Castellanos,
kar ki bi ta babbar lamba,
kira bakwai da rabi, kafin su kunna na'ura,
ki ce Bernadette kike nema.
"Likitar nan ce ta riƙe mahaifiyata har ƙarshe," in ji ta.
Sannan ta ɗaga murya: "Na gaba."

Bakwai da rabi, hannuna na rawa.
Ƙara biyu, aka ɗauka.
Mutum ne. Mai numfashi, har da ɗan tari.
Na karanto lambar katin ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.
Shiru. Ƙas-ƙas ɗin madannai.
"Tara ga Maris, goma saura kwata.
Ku taho da duk kwalaben maganinsa."

Mako bakwai ke nan.
Na ƙirga a kalandar jikin firij, na sake ƙirgawa
ko za su ragu. Ko kwana ɗaya.

Na je na faɗa masa.
Bai ce madalla ba. Ya ɗora tafi a ƙirji,
hannun nan da tartsatsi ya yi wa zane,
ya sunkuyar da kai yana magana ƙasa-ƙasa
kamar mai lallashin tsohuwar mota a kan tudu:
"Kin dai ji. Tara ga Maris.
Daure ki kai mu."